Wa Ke Yanke Mini Waƙa?

Vénissieux, ranar Lahadi da hantsi

Zuwa ga sanyin idona, ruwan randata a tsakiyar bazara, gawon da ke ba ni inuwa lokacin da sauran itatuwa suka kaɗe, farin watan da na gani tun kafin kowa ya ɗaga kai, Yayana kuma abin alfaharina, Kamalu.

Assalamu alaikum. Ina aiko maka da gaisuwa mai yawan da jirgin ƙasa ba zai iya ɗauka daga Lyon zuwa Paris a sawu ɗaya ba. Ina gajiya? Ina sanyin La Courneuve? Ina fama da ɗaukar kayan mutane a filin jirgi? Allah ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, kana cin abinci a kan lokaci, ba burodi da shayi a tsaye ba kamar yadda ka saba. Ka gaishe mini da Moutari, abokin ɗakinka.

Na san za ka yi mamakin ganin rubutun hannuna, mu da ba ma yini ba mu yi waya ba. Waya ce ta haddasa maganar, shi ya sa ban yarda ta kai maka saƙon ba. Kuma na san halina, na san naka. Da na fara magana sai ka yi dariyar nan taka mai taushi, duk abin da na kwana uku ina ƙullawa ya warware, in ajiye waya ina murmushi kamar wawiya. Takarda ba ta jin dariya, don haka yau sai na kai ƙarshe.

Ka tuna motar da ta haɗa mu? Shekara biyu ke nan, awa shida daga Paris zuwa Lyon, ruwa yana dukan gilashi, ni a bakin taga, kai a gefena ka naɗe dogayen ƙafafunka kamar zalɓe. Ka ji ina waya da Inna da Hausar Damagaram, sai ka kasa zama. Ba ka da goro, ba ka da dabino, sai ka ciro abin kunnenka na jin waƙa guda ka miƙo mini. Faifan farko ne na Baturiyar nan tamu, 'yar Ingila mai dusasshiyar murya, ita kaɗai da fiyano. Ka haddace kowane lanƙwasa na muryarta, amma ba ka san kalma ko ɗaya ba. Ka ce shekara guda kana sauraronta ba ka sani ba ko yabonka take ko zaginka! Na yi ta fassara maka layi bayan layi, gonakin inabi suna wucewa, har muka zo kan baitin da take cewa ta bar ƙofa a buɗe don wanda bai ma san gidan ba. Sau uku ka ce in maimaita, wai ƙarar mota ta hana ka ji. Ƙarya kake yi, masoyina, kuma a ranar ƙaryarka ta yi mini daɗi.

Daga nan ne ka ce me zai sa mu riƙe kont biyu, wato asusu biyu na sauraron waƙa a waya, mu da kunnenmu ya zama ɗaya? Ka ba ni lambar sirrinka. Sai muka gano cewa kont ɗin ba ya yi wa mutum biyu waƙa a lokaci guda: in kai ka kunna a Paris, tawa ta tsaya a Lyon. Wasu da haushi za su ji. Mu kuwa muka mayar da abin sallama. Kullum takwas saura kwata, ina cikin jirgin Métro D a matse tsakanin jakunkunan mutane, sai waƙa ta yanke a kunnena, in san ka isa bakin aiki, kana gaishe ni kafin ka kulle wayarka a akwatin ƙarfe har ƙarfe huɗu. In bar maka waƙa guda, sannan in ƙwace abina, ka san na amsa. Wayyo, daɗin wannan shirun! Wace mace ce a duk faɗin Faransa aka taɓa yi wa kirari da katsewar waƙa? An ce garin masoyi ba ya nisa, ni kuwa kowace safiya sai na ga Paris a cikin tafin hannuna.

Sai faifanta na biyu ya fito a watan Maris. Mun yi alkawarin ba wanda zai riga wani ji, muka jira har ka zo, muka zauna a bakin kogin Rhône da abin kunne ɗaya kamar farko. Waƙa goma sha ɗaya. Yarinyar ta canza: ganguna sun shigo, muryar ta yi kaifi, wadda a da take barin ƙofa a buɗe yanzu ta tsaya a bayan ƙofar tana saurare. Daga farko har ƙarshe labarin mace ne da ta fara jin cewa namijinta yana da wata rayuwa da ba ta ciki. Ban kai ƙarshen fassarar waƙa ta uku ba ka zare abin kunne. Ka ce an ɓata yarinyar nan, Landan ta cinye ta, ka rantse ba za ka ƙara jin wannan hayaniya ba. Na yi dariya, na ce tsufa ne ya kama ka. Ban lura ba a lokacin, amma yanzu na tuna: kana maganar, kogi kake kallo, ba ni ba.

To ga abin da ya hana ni sukuni, ya hasken zuciyata. Mako uku da suka wuce, ranar Talata, ƙarfe sha ɗaya na safe, ina labo, ɗakin gwajin da nake aiki, ina auna ruwan famfon mutanen Lyon, waƙa ta yanke a kunnena. Zuciyata ta yi tsalle, na ce yau Kamalu ya saci jiki ya gaishe ni. Na cire safar hannu na duba. Faifai na biyu ne ke tafiya, wanda ka rantse a kansa. Kuma inda aka saba rubuta sunan wayarka, wani suna na gani: Salon. Falo, Kamalu! Na san ɗakinku a hawa na tara, ka zagaya da ni cikinsa ta waya: gado biyu, murhu ɗaya, taga mai kallon wani bene. Yaushe kuka yi falo? Yaushe falon ya sami lasifika? Kuma wane hannu ne ya kunna, alhali naka yana ɗaukar akwatuna, wayarka tana kulle?

An ce zato zunubi, ko da ya zama gaskiya. Na ji tsoron Allah, na zauna ina ƙera maka uzuri kamar mai saƙar tabarma. Na ce ɓarayin lambar sirri ne. Na ce tsohuwar wayar da ka sayar ce. Na ce wata 'yar uwarka ce da ka manta ba ka gaya mini ba, ku Maraɗawa danginku ba sa ƙirguwa. Da na tambaye ka, ka ce rezo ne, matsalar sadarwa. Kwana biyu da na sake tambaya, ka ce wataƙila Moutari ne. Moutari! Mutumin da in ba wa'azi ba sai labarin kokawa, shi ne zai zauna a falo da hantsi yana jin Baturiya tana kuka da Turanci? Ko Batula, wadda muke zaune gida ɗaya da ita a nan unguwar Minguettes, sai da ta ajiye ludayi ta riƙe ciki don dariya. Ni ban yi dariya ba. Na lura amsa biyu ka ba ni a kan tambaya ɗaya.

Duk da haka na bar maganar, don so hana ganin laifi ne. Sai Asabar ɗin wancan makon, da ka zo. Muna zaune a kan dakalin dutse a Fourvière, gari duka a shimfiɗe ƙarƙashinmu, wayarka a hannuna ina kallon hotunan bikin ƙanenka, tawa tana yi mana faifan farko. Waƙa ta yanke. Kana gefena, kafaɗarka tana taɓa tawa, hannayenka biyu a kan gwiwarka ina kallonsu. Salon. Faifai na biyu. Ka yi tari, ka miƙe, ka ce yunwa kake ji, mu je mu nemi abinci. Kai da ka cinye kwanon dambun da na yi maka awa ɗaya kafin nan! Ya ruwan sanyina, biri fa ya yi kama da mutum.

Ka san wace waƙa ake ta maimaitawa a wancan falon? Ta shida, wadda ba ka bari na kai ba. Bari in fassara maka yau, tunda takarda ba ta da abin kunnen da za ka zare. Mace ce tana guga rigar mutuminta. Ta laluba aljihu, ba komai. Ta shinshina wuya, ba turaren kowa. Ta duba kafaɗa, ba ko silin gashi. Kuma wannan tsabtar ce take ba ta tsoro, don ta san shi, mutum ne mai manta tikiti da ɓawon alewa a aljihu, yaushe ya koyi sharewa? Na ji waƙar nan ta fi sau hamsin. Na tsane ta, kuma na kasa barinta. Duk lokacin da ta kai inda ganguna suke tsayawa muryar ta rage ita kaɗai, sai in ji kamar a ƙirjina ake ajiye dutsen gugar.

Da a ce lokaci namu ne, da na ƙara haƙuri, na jira gaskiya ta fito da ƙafarta. Amma ka sani kamar yadda na sani, Juma'a mai zuwa kawunka Alhaji Illiassou zai tashi daga Maraɗi ya je Damagaram neman aurena. Shekaranjiya Baba ya kira ni da kansa, abin da bai saba ba. Bai yi dogon zance ba. Ya ce shi bai san ka ba, ni na san ka, in na ce ya shimfiɗa wa baƙi tabarma zai shimfiɗa, in na ce a dakata zai aika a dakata, amma ya ji daga bakina kafin Alhamis ta wuce. Dattijon nan ya sa 'yarsa a jirgi ita kaɗai, mutane suna ta surutu, ya ce ya yarda da hankalina. Da wane baki zan ce masa na tabbata?

Batula ta ce in canza lambar sirri in huta. Ban canza ba. In na rufe ƙofa, ta ina zan san wanda ke ciki? Ga abin da na yi, kuma ba na jin kunyarsa. Ranar Laraba na buɗe sabon jerin waƙoƙi a kont ɗinmu, ban sa waƙa ko ɗaya ba, suna kawai na ba shi: « Qui es-tu ? » Wace ce ke? Na yini ina dubawa, ba komai. Washegari da azahar, ina cikin jirgin tram, na ga wani jeri ya bayyana a ƙarƙashin nawa. Waƙa ɗaya ce a ciki, ta shida. Sunansa kalma biyu: « Et toi ? » Ke fa?

Na wuce tashata ban sani ba, Kamalu. Na zaci zan ji wuta, na zaci zan ji kishi. Sanyi na ji. Don sai a lokacin na gane abin da ban taɓa kawowa a raina ba: a wancan falon ma waƙa tana yankewa. Duk lokacin da na ƙwace abina, wani kunne ne yake yin shiru a can, wani ido ne yake ganin sunan wayar da bai sani ba. Ni da nake neman ɓarauniya, ashe a wurin wata ni ce ɓarauniyar! Ba don nishaɗi ake maimaita waƙa ta shida ba, na san wannan da jikina. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Ban san fuskarta ba, ban san sunanta ba, ban ma da tabbacin akwai ta yadda nake zato, amma na ji tausayinta, kuma wannan tausayin ya fi kishi ciwo.

An yi mini tambaya. Ni wace ce? Kwana uku ina kallon kalmomin nan biyu, in ɗora yatsa in janye. In ce matar da zai aura? Da wace hujja, alhali ban san abin da aka gaya mata ba? Wannan amsar ba a bakina take ba, ya muradin raina, a naka take.

Don haka ga roƙona, guda ɗaya tak. Kada ka kira ni ka yi dariya. Kada ka hau jirgi ka zo mini da furanni. Ka buɗe jeri na uku a ƙarƙashin namu, inda ni da mai falo za mu gani tare, ka rubuta sunana cikakke da abin da nake a wurinka. In 'yar uwarka ce, me ka rasa? Za ta yi guɗa, ni kuma in durƙusa in nemi gafararka, ka yi ta yi mini tsiya har mu tsufa, wallahi zan ɗauka da murna. In ka rubuta, a ranar zan kira Baba in ce ya shimfiɗa tabarma. In Alhamis ta yi jerin bai fito ba, zan ce masa a dakata, ba zan faɗi dalili ba, ba zan ɓata sunanka a gaban kowa ba.

Ka sani, ko ta yaya ta kasance, ban taɓa buɗe wa wani zuciyata ba, kuma ba na jin zan iya. Ina sonka yau da zaton nan a ƙirjina kamar yadda na so ka jiya babu shi, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Amanarka tana nan inda ka ajiye ta, ko ƙura ban bari ta hau ba, kuma haka za ka same ta har ranar da za a mayar da ni ƙasa. Tawa nake tambaya.

Taka, wadda ba ta da wani sai kai, tana jira ka faɗa a gaban mai falo,

Nuriyya