Waken Ya Haura Katanga

Binta, waken nan ya haura katanga! Af, ban ma gaishe ki ba. Assalamu alaikum. Ya maigidan, ya yara da sanyin Jos? Mu nan Limancin Kona lafiya, sai ƙafar nan da har yanzu ba ta kai ni ko zaure ba.

Irin da kika aiko duka biyu sun yi. Kabejin nan mai faɗin ganye kullum ana tsinka a yi miya, amma yana nan inda aka dasa shi, kamar ni. Shi kuwa koren wake ya bi kara ya leƙa lungu. Jiya maƙwabcinmu Malam Sani ya hango shi, ya shigo tambaya, muka sha hira har la'asar. Rabona da baƙo tun azumi.

Sai dai kakarki ta ce za ta tumɓuke shi bayan Babbar Salla ta ƙara kabeji. Wai, "Malam, wake na kwana nawa ne? Ganye ke riƙe tukunya." Ni kuwa ba ni da ƙafar hana ta.

Ki sa ni a addu'a, ki gaida kowa. Ku taho dukanku ku gani kafin ta kai masa hannu.

Kakanki,
Malam Ɗanjuma