Na'urar da Ta Ga Zuciya Ɗaya Tak

Zuwa ga Shugaban asibitinmu, wanda ba zan kama sunansa ba don ya san kansa.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Lafiyar zuciyarka kam ba sai na tambaya ba, na gan ta da idona.

Sunana Bello, ɗan kabu-kabu ne ni daga Horo Birni, ina jigila tsakanin Shagari da Boɗinga. Karatuna bai wuce firamare ba, amma ina gani, kuma ba ni mantuwa.

Na farko. Bara da rani, ranar da anka buɗe ɗakin na'urar hoton zuciya, ni na yi ta kwaso kujeru a bayan babur. Ta taga na leƙa. Ka cire babbar riga ka kwanta, baƙon likita ya shafa maka wani mai a ƙirji, ya ɗora ɗan abin nan, sai ga zuciyarka a allo tana buɗewa tana rufewa. Anka yi tafi, masu hoto sunka ɗauka. Ka ce daga yau talaka ya huta da zuwa Sakkwato. Ni ma na tafa, Allah ya yafe mini.

Na biyu. Da damina matata Hadiza ta haifi ɗiyarmu ta fari. Innata ta riƙe jegon yadda anka yi mata: wankan ruwan zafi safe da yamma, kwanciya a gado mai wuta a ƙasa, da kunun kanwa don ƙarfi da nono. Ba a yi arba'in ba ƙafafun Hadiza sunka kumbura, in ka danna yatsa sai ramin ya zauna. Ba ta iya kwanciya, a zaune take barci, tana tari tana haki. Ni da Inna munka kawo ta wurinku. Malamin da ya duba ta bai ko tashi daga kujera ba. Ya ce kumburin jego ne, ya ba da maganin tari, ya ce wa Inna ta ƙara mata kunu ta gasu da kyau. Inna ta ji daga bakin mai farar riga, sai ta ƙara kanwa.

Na uku. Na tuna da na'urar, na roƙa a duba Hadiza da ita. Anka ce wanda ya iya ta an yi masa canjin wurin aiki. Da na dawo, anka ce makulli na hannun mai sito, ya tafi ta'aziyya. Wani zuwan anka ce ba wuta, alhali fankar ofishinka tana juyawa. Daga ƙarshe wata mai shara ta ji tausayina, ta ce ɗana, kada ka wahal da babur ɗinka, ba a buɗe ɗakin sai in baƙi za su zo. Na sake leƙawa ta tagar nan. Na'urar tana nan, an lulluɓe ta da farin ƙyalle kamar amarya. Madalla da tsabta.

Na huɗu. Na kai Hadiza Sakkwato cikin mota, tana jingine da ni, numfashinta sama-sama. Can likita ya ɗora mata irin abin nan, ya juyo mini allon. Ranka ya daɗe, zuciyarka tana bugawa kamar ganga, tata kuwa ta buɗe ta yi girma, da ƙyar take matsewa. Ya ce haihuwa ce ta raunana ta, kanwa da gishiri kuma suna tara mata ruwa a jiki, zafin wankan yana ƙara mata aiki. Ya hana su duka, ya ba ta magunguna, har da mai fitar da ruwa ta fitsari. Kumburin ya fara saɓewa. Ya ce sai an riƙa maimaita hoton a ga ko tana dawowa, kuma kada ta sake ɗaukar ciki sai an tabbatar.

Ga inda nake yanzu. Tafiyar nan tana kayar da Hadiza, in mun dawo sai ta kwana biyu ba ta moruwa. Inna kuma ba ta yarda ba. Cewa take yi likitan birni bai san jego ba, ai na gida ya ce a ƙara. Shekaranjiya na tsinci ƙullin kanwa a bayan tulu. Ba mugunta ba ce, so ne, kuma ma'aikacinka ne ya ɗaure mata gindi. Inna ba ta jin bayani, amma tana yarda da abin da ta gani.

Roƙona: a yaye ƙyallen nan. A nemo wanda ya iya, ko da ranar kasuwa kaɗai zai riƙa zuwa. A gaya wa malamanka cewa mai jego da ba ta iya kwanciya ba maganin tari take buƙata ba. Sannan a bar Inna ta shiga ta tsaya gaban allon, ta ga zuciyar surukarta da idonta.

In kuwa sai da baƙi ake buɗewa, ka sanya rana. Ni zan kwaso kujerun kyauta, in kawo masu tafi, a kwantar da Hadiza inda ka kwanta.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya sa wagga zuciya taka da munka gani tana aiki ta ji abin da na faɗa.

Wassalam.

Bello, mijin Hadiza,
Horo Birni.