Tsanin da Yaya Suhaib Ya Riƙe

Limancin Kona, Zariya.

Yaya Suhaib,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, ya karatu, ya sanyin Italiya? Mu nan alhamdu lillahi, sai dai gidan ba daɗi.

Hoton da ka turo ne. Ni na san abin da ka rubuto min: ranar takwas ga Disamba mutanen can ke girmama Nana Maryamu, su hura wuta a dandali, su soya fanke, daga nan hidimar Kirsimeti ta fara. Ni har mafarkin fitilun da ke cikin hoton na yi, kamar a littattafaina. Amma Baba ba fitila ya gani ba. Ɗansa ya gani riƙe da tsani, tsohuwar da kake haya a gidanta tana bisa tana ɗora wa mutum-mutumin Nana Maryamu furanni. Tun ranar bai ƙara ambatonka ba, ya ce kada a miƙa masa waya in kai ne. Umma kuka, shi shiru, ni ce a tsakiya da tiren abinci.

Ka san ni da kunya, amma har Wusasa na je wurin Talatu 'yar ajinmu ta yi min bayani. Ta ce su a cocinsu ba sa wannan bikin. Na dawo da ciwon ƙafa kawai.

Wallahi na gaji, Yaya.

Ƙanwarka,
Radiya.

Yaya Suhaib,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin, murar ta sake ka?

Na karanta wa Baba amsarka. Sai da na tsaya a bakin zaure har shayinsa ya huce kafin na shiga. Na gaya masa marigayi mijin tsohuwar ne ke hawa tsanin duk shekara, bana ta rantse ita za ta hau, kai kuma ka ga ƙafarta na rawa. Na gaya masa ita ce ke ajiye maka abincin buɗa-baki da azumi.

Ya daɗe yana jan carbi. Sai ya tambaye ni ko matar ba ta da 'ya'ya. Na ce suna wani gari, ba su zo ba. Ya ce Allah ya shirye su.

Bai ce ya huce ba. Amma ya ce ka kira ranar Juma'a bayan masallaci, kuma in tambaye ka ko ta sauko lafiya.

Don Allah ka kira. Ina so in yi barci.

Umma na gaishe ka.

Taka,
Radiya.