A Auna Jininta a Ƙafa

Zuwa ga: Mai Girma Babban Jami'in Lafiya na Gunduma
Daga: Wyson Kalimbuka, tela, ƙauyen Mwalawanjovu
Rana: 14 ga Agusta, 2023

Game da: Dakatar da maganin matata, Esnart Nachisale

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina neman izinin gabatar da kokena.

1. Ranar 9 ga Maris, 2021, bayan wata shida ana ɗura wa matata maganin tarin fuka a banza, likitar babban asibiti ta gano ciwon: kumburin manyan jijiyoyi ne, ya toshe wa jini hanya zuwa hannuwanta. Ta rubuta da jan biro a littafin asibitin Esnart cewa a ƙafa za a riƙa auna hawan jininta, domin hannun ƙarya yake yi wa na'ura. Aka ɗora ta kan maganin kumburin da na hawan jini, har ta koma gona.

2. Ranar 3 ga Afrilun bana littafin ya cika. Akawun ƙaramin asibitinmu ya karɓe shi ya ba mu sabo, bai kwafi shafin likitar ba. Sau huɗu na koma neman tsohon. Kullum mai makullin ɗakin ajiya ya tafi jana'iza.

3. A ranar da aka canza littafin dai malamar jinya ta auna hannu, ta ce jini ya yi ƙasa, ta tsayar da maganin hawan jini, ta ce a ƙara mata tuwon nsima. Na kumburin kuma wai babu shi a rubuce. Na roƙa a auna ƙafa. Ta ce a gaban jama'a: "Baba tela, nan ba wando muke ɗinkawa ba." Layi ya kwashe da dariya. Ni ma na yi, don kunya.

4. Ranar 21 ga Yuni ta faɗi a bakin murhu. Ɓarinta na dama ya shanye, magana ta ɗauke.

5. Na nemi takardar komawa babban asibiti. An ce sai wanda awonsa ya nuna hawan jini ake ba wa. Aka sake auna hannu.

Ranka ya daɗe, ban nemi a hukunta kowa ba, kuma wannan ce takardata ta uku, don haka ban sa rai sosai ba. Ina roƙo ne kawai a ba da umarni a auna ta a ƙafa, a mayar mata da maganinta kafin faɗuwa ta biyu, wadda likita ta taɓa gaya mana ba lallai a tashi daga ita ba.

Da can ita ke faɗa musu da bakinta. Yanzu duk ranar asibiti nakan rubuta mata a dantse da biro: a auna a ƙafa. A kan rubutun suke ɗaura abin awon.

Ina mai ƙanƙan da kai, a huta lafiya.

Naka mai biyayya,
Wyson Kalimbuka