Mutanena na Duniyar Wata Suna Jiran Hajiya Edita

Zuwa ga Hajiya Babbar Edita, a kamfanin da ke riƙe da littafina.

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, da fatan kina lafiya ke da iyali.

Ni ne malamin kimiyyar nan ɗan Miga, mazaunin Takur, da ya kawo miki labarin manoman Jigawa da suka koma noman gero a duniyar wata. Na rubuto a fili ne saboda wasiƙun da na aiko ofis ba amsa.

Na ɗaya, yabo. Edita irinki ban taɓa gani ba. A babi na huɗu na rubuta cewa mutanena sun fito duban jinjirin watan azumi. Na karanta wa abokai, na karanta wa maiɗakina, kowa ya ce madalla. Ke kaɗai kika ja layi, kika tambaya a gefen takarda wane wata suke duba alhali a kansa suke tsaye. Wallahi kunya ta rufe ni, ni da nake koyar da wannan darasi a aji! Sai da na je gida wurin mahaifina, Baba Malam, muka wuni a zaure yana buɗe littattafai, sannan na gyara. Yanzu daga Dutse ake aika musu labarin ganin wata, kuma babin ya fi kowanne daɗi.

Na biyu, ƙorafi. Gyaranki ya tsaya a babi na takwas tun shukar bara. An girbe, an sake shuka, babu eh babu a'a. Na ji wai manyanku na shakkar ko Bahaushe zai sayi labarin sararin samaniya. In haka ne a faɗa min, don shirun nan yana cin raina.

Na uku, wani mai maɗaba'a a nan garin ya ce sati biyu sun ishe shi ya buga min littafin. Bango mai sheƙi, sunana da manyan baƙaƙe, kuma ba mai taɓa min ko wasali. Abokai sun ce in buga da kaina in huta. Har ƙofar shagonsa na kai takardun, na tsaya, na sake tare adaidaita na juyo da abina. Alkawarin nan na ba mai taɓa min komai shi ya tsorata ni.

Roƙona, kamfani ya ba ni amsa kafin girbi. In a'a ce, zan buga da kaina, ba riƙo a zuciyata. Amma don Allah ki karanta min babi shidan da suka rage. Ban san inda na sake kwafsawa ba, kuma na kusa da ni son da suke min ba zai bari su gani ba.

Allah Ya ƙara basira, Ya saka miki da alheri.

Wassalam.

Malam Ɗanlami, Takur, Dutse.