Baba Ya Hana Baturiya Ƙarasa Magana

Aikin farko yau: cajin waya, sai ɗora ruwan wankan Baba.

Zuwa ga Yaya,

Gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara, kuma ciwon bayan nan ya sake ki. Mu nan sai godiya. Gwiwoyin Baba suna nan yadda kika bar su, bakinsa kuwa ya ƙara lafiya.

Na rubuto ne maimakon in kira, domin a gidan nan ba a waya a ɓoye. Ko bayan ɗaki na zagaya, sai Baba ya ɗaga murya ya tambayi wa nake gaisarwa. Maganar kuwa ba na so ya ji ta tukuna.

Kin san kamfaninmu ya koma hannun wasu. Sababbin masu shi ba sa jin Hausa, kuma kullum da safe sai sun bugo waya sito suna tambayar kaya. Yanzu sun ce duk ma'aikatan sito za mu zauna jarrabawar sauraron Turanci. Wanda ya ci ya zauna inda yake. Wanda ya faɗi a tura shi sabon sito na bayan gari, inda ake kwana a wurin aiki, sai ƙarshen mako ake ganin gida. In takarda ce a gabana, Turanci ba ya gagara ta. Amma wanda ke fitowa daga baki, tun muna sakandare nake bin sa a baya ina haki.

To in aka tura ni, wa zai ɗaga Baba da safe, wa zai kai shi wanka? Maman yara ta ce za ta yi, amma kin san halinsa, ya gwammace ya zauna da datti da a ce surukarsa ta riƙe masa hannu a bayi. Sai dai ya koma wurinki, a gidan benen da ya rantse ba zai ƙara hawa ba.

Malamar da kamfani ya ɗauko mana ta turo darussa a waya, dukkansu a kan sauyin yanayi da abin da yake yi wa duniya. Wata Baturiya ce ke magana, in ta gama sai tambayoyi. Malama ta ce mu riƙa ji a fili ba da abin kunnen da ake jona wa waya ba, domin ranar jarrabawa da lasifika za a sa mana. Na shirya tebur kusa da taga, na fere fensir, na ajiye ƙamus a dama. Ban yi lissafi da mutumin da ke zaune a hagu ba.

Yaya, Baba ya ƙare rayuwarsa yana aski, kuma kin sani a kujerarsa ba wanda ya taɓa kai ƙarshen magana. Ya ce a bar mace tana ta zuba ba mai amsa mata rashin tarbiyya ne, ko da a cikin waya take. Da ta yi jimla ɗaya sai ya ce in tsayar, me ta ce? Na ce ta ce ƙanƙarar can ƙarshen duniya tana narkewa. Ya ce to su ja ta inuwa mana. Na ce ta ce teku yana tasowa yana cin gidajen mutanen tsibirai. Ya ce Allah sarki, 'ya'yan wane ne, ba su da dangi a tudu? Da ta zo kan kifayen da ke ƙaura zuwa ruwa mai sanyi, ya ce kifi ya fi wasu mutane hankali, yana faɗa yana kallona. Har suna ya sa mata, Gaggawa. In na dawo aiki, kafin in cire takalmi zai tambaye ni yau me Gaggawa ta zo da shi.

Darasin da bai kai tafasar ruwan shayi ba, mu sai ya cinye mana yamma guda. Ina lallashin kaina da cewa fassarar ma karatu ce. Ban tabbata ba.

Ki gaida maigida da yara. Kada ki ce wa Baba komai in kin kira.

Ƙaninki,
Auta

*

Yaya,

Bayan gaisuwa, ya jikinki, ya ɗawainiyar yara? Saƙonki ya iso. Na gode da kika ce za ki kwashe kayan ɗakin ƙasa ki share wa Baba saboda ko ta kwana.

An yi mana gwaji shekaranjiya, kuma na ji kunyar da ban taɓa ji ba. Aka zaunar da mu a ɗakin taro, aka kunna lasifika. Magana ce a kan fari da amfanin gona. Jimlar farko na ji ta sarai. Sai kawai na ga yatsana yana danna tebur yana neman wurin tsayarwa, kaina ya juya hagu, bakina ya buɗe zan fassara. Wanda ke hagu kuwa mai awon kayanmu ne, ya zuba min ido kamar na zo rance. Kafin in dawo da kaina, matar ta bar gona ta shiga ambaliya, ta fita ta shiga wata ƙasa. Rabin takardar na miƙa fari fat. Tun ranar mai awo ba ya kira na sai Tafinta.

Malama ta tsayar da ni bayan an watse. Ta ce kunnena ba shi da laifi, ni ne na koya masa tafiya taku ɗaya ya zauna. Ta ce dole in daina tsayarwa, in daina fassara, in bar maganar ta wuce ta kaina har ƙarshe ko da rabi na kama. Ta tambaya ko wani ne ke damu na a gida. Na ce a'a. Ya zan ce mata ubana ne ke musu da darasi?

Da na koma gida na ce wa Baba daga yau karatun nan ni kaɗai zan yi. Na yi ƙoƙari in faɗa da ladabi, amma ina jin muryata ta fi yadda na so tsauri. Na ari abin kunne wurin babbar 'yata na toshe kunnuwana. Baba ya sa aka juya masa kujera ta fuskanci bango. Yanzu in na gaishe shi sai ya amsa wa maman yara. Jiya ya ce mata ta tambayi mijinta ko mutanen tsibirin nan sun samu wurin zama, ko kuwa shi ma labarin ya zama na 'yan boko.

Abin haushin, Yaya, ban ƙaru da komai ba. Ba Baba a hagu, amma yatsan nan yana nan. Na sa wayar a kan kabad, na tashi na je na tsayar. Na zauna a kan hannuwana, na tsinci kaina ina fassara wa labule. Jiya na ji yadda zafi ke ƙaruwa a manyan birane har sau ban san adadi ba, kuma in kika tambaye ni ƙarshen maganar ban sani ba, domin ban taɓa isa can ba. Wataƙila kan nan nawa iyakarsa ke nan. Wataƙila shekaru sun ja. Na ɓata wa tsoho rai a banza.

Ki share ɗakin, amma kada ki saya masa katifa tukuna. A gaida kowa.

Naki,
Auta

*

Yayata,

Ina gaisuwa, ina kuma tambayar lafiyarku baki ɗaya. Allah ya sa ƙaramin ya warke daga murar. Ki zauna kafin ki karanta wannan, domin na san za ki yi dariya, ni kuwa ba abin dariya ba ne a wurina.

Ranar hutu da safe ina kan tebur, sai Baba ya yi min magana kai tsaye, karon farko tun da muka ɓata. Ya ce sumata ta zama abin kunya ga gidan mai aski, in ɗauko akwatinsa. Na ce ina karatu. Ya ce ai ba da gashi ake karatu ba. Ya sa 'yata ta cire abin kunnen, ta kunna darasin, ta ɗora wayar can saman taga. Ni ya zaunar da ni a ƙaramar kujera tsakanin gwiwoyinsa, ya yafa min tawul, ya shafa sabulu, ya wasa aska. Gwiwa ce ta gaza, Yaya, hannun nan ko rawa ba ya yi.

Gaggawa ta fara. Ta yi jimlar farko, wuyana ya ɗauki hanyar hagu, sai na ji sanyin ƙarfe a bayan kunnena da babban yatsansa a ƙeyata. Ya ce in na motsa, kunnen da nake ta wahala a kansa zai faɗo a cinyata. Na ƙame. Ba halin tashi, ba halin juyawa, ba halin buɗe baki. Shi ma, abin da ban taɓa lura ba, in aska tana kan fata ba ya magana. Haka matar nan ta yi ta tafiya, daga narkewar ƙanƙara zuwa tashin teku, daga teku zuwa gishirin da ke shiga gonakin bakin ruwa, daga nan zuwa mutanen da ke barin garuruwansu. Kalmomi da yawa sun wuce ni. Amma ashe in ka bar ta, tana dawowa ta faɗi abin da wata siga. Ashe duk maganar a ɗaure take da juna. Ni ne nake yanka ta gunduwa-gunduwa.

Da ya goge askar ya ce to, biya kuɗin aski, ba ni labarin daga farko. Na ba shi. Ya katse ni wajen sau goma, amma na san inda na tsaya kowane karo. Na amsa tambayoyin darasin, na ci fiye da rabi.

Matsalar ita ce yanzu kullum sai an yi. Na ce Baba ai ba sauran gashi. Ya ce shi yana gani. Kaina ya zama kamar ƙwai, yana zafi in iska ta taɓa shi, hula ma ba ta zama. A wurin aiki manaja ya tambaye ni ko rashin lafiya nake yi. Maman yara in ta shigo ta gan mu sai ta koma kicin, ina jin ta tana dariya a can. Mutum da 'ya'yansa, ana riƙe masa kai kamar ɗan yaye! Kuma har yanzu ina tsoro, domin ranar jarrabawa ba za a bar ni in shiga da tsoho da aska ba.

Ki sa mu a addu'a. Jibi ne.

Ƙaninki mai sanƙo,
Auta

*

Zuwa ga Yaya,

Gaisuwa da fatan kun wuni lafiya. Ba zan ja miki rai ba: na ci. Da ƙyar, amma na ci, kuma ina nan a sitonmu.

Yadda aka yi, da aka kunna lasifika na ji wuyan ya fara halinsa, sai na ɗauki fensir na biyu na dafa shi a bayan kunnena, na riƙe da hannun hagu har aka gama. Magana ce a kan guguwa da garuruwan bakin teku. Mai awo ya ce ya zaci harbe kaina zan yi. Shi ma ya ci, don haka zan ci gaba da jin Tafinta har in yi ritaya.

Yau aka faɗa mana sakamako. Na taho gida ina shirya yadda zan gaya wa Baba cewa wata 'yar jarrabawa ce ta ƙarin girma, ba wani abu ba. Na shiga ɗakinsa na tarar da babbar jaka a bakin gado, a ɗaure tsaf, akwatin askinsa a kai, shi kuma yana zaune da rigarsa ta fita. Na ce Baba ina zuwa? Ya ce gidan bene mana, ko ba can aka ce za a kai shi in na faɗi ba?

Ashe ya daɗe da sani. Mai gadin kamfaninmu yakan zo Baba ya yi masa gyaran fuska ina wurin aiki, kuma Baba ya ce ba a taɓa zama a kujerarsa a tashi da sirri ba. Tun kafin in toshe kunnuwana ya sani. Ya ce ya haɗa kayan ne tun da safe don kada in dawo da baƙin labari kuma in ƙara da kunyar cewa ya tashi. Yaya, na rasa inda zan sa idona. Na ce masa na ci. Ban samu ko barka ba. Ya dube ni ya ce to sai in kwance jakar, shi gwiwa ta hana, kuma in yi a hankali domin ya sa kofunan maman yara a ciki, wai naki ba su da kyau.

Ki mayar da kayanki ɗakin ƙasa. Na gode, Allah ya bar zumunci. Ki gaida maigida da yara. Ya ce in gaya miki ke ma ya san da hannunki a ciki, ki kira shi ki ji naki.

Ƙaninki,
Auta

Na gobe, waɗanda ban gama ba:

Ƙarasa kwance jakar Baba, a nemo murfin butar shayi a ciki.
Mayar wa 'yata abin kunnenta.
Man shafawa na kai, da hula mai laushi.
Wayar safe da masu kamfani, ni aka ba. Kada in juya hagu, manaja ne a wurin.
Magana da mai gadi.
Ba Baba haƙuri. Ban san ta inda zan fara ba, kuma na san ba zai bar ni in kai ƙarshe ba.