Rasuwar Sarkin Noman Gangara da Buhu Biyu na Taki

Cikin alhini da miƙa wuya ga hukuncin Allah Maɗaukakin Sarki, Ƙungiyar Manoman Gero ta Sabon Birni da Isa, ƙarƙashin jagorancin Shugabanta, Alhaji Ɗanmusa Lawwali, tana sanar da 'ya'yanta da sauran jama'a cewa ta samu labarin rasuwar ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ta, tsohon Mataimakin Shugabanta, Malam Attahiru Na'Allah, Sarkin Noman Gangara, wanda Allah Ya karɓi ransa da hantsin ranar Asabar, uku ga watan Nuwamba, 1984, a kan hanyarsa ta komowa gida daga Isa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Jibrilla, makiyayin da shanunsa suka shekara ashirin suna kwana a gonar marigayin da rani, shi ya tarar da shi a gindin wata aduwa, jakinsa na tsaye kusa da shi. An yi masa sutura a Gangara bayan la'asar. Kwamiti ya umurce ni in rubuta cewa ya rasu bayan gajeruwar rashin lafiya, ga shi kuwa na rubuta. Waɗanda suka ɗauki makara dai sun ce mutum biyu ma sun isa.

Marigayin ya rasu yana da shekara sittin da uku, kuma babu mai tsawon rai a ƙasar Gobir ta gabas da zai ce bai san hidimarsa ba. A farin 1973, lokacin da mutane suka cinye irin shukarsu, shi ya buɗe rumbunsa ya raba wa gidaje arba'in irin gero mai saurin nuna, bai tambayi kowa ranar mayarwa ba. Shi ya bi ƙauyuka a kan jaki har Burkusuma yana tara mutane aka kafa wannan ƙungiya, kuma a zaurensa aka yi zamanta na farko, a kan tabarmarsa, da furar gidansa. Shugaba da da yawa daga cikin 'yan kwamiti na yanzu suna cikin gidaje arba'in ɗin nan. Na duba sunayen.

Ba za mu ɓoye cewa a ƙarshen rayuwarsa an samu saɓani tsakaninsa da ƙungiya ba, a kan takin zamani da gwamnatin tarayya ke sayarwa da rangwame. Marigayin ya sha faɗa a zaman kwamiti cewa ƙasa ɗaya ce, rangwame ɗaya ne, amma sama ba ɗaya ba ce. Ya ce an yi tsarin ne domin inda ruwa ke zuba wata shida, inda mai tarakta ke kwasar buhu ɗari ya ci rangwame sau ɗari, alhali Bagobiri mai kwashe da hauya ana ba shi buhu biyu da za su ƙone masa gero in ruwa ya ɗauke. Ya ce abin da ake kashewa a ɗauko buhu guda daga bakin teku zuwa Sabon Birni ya isa a ba gida guda iri da hatsin kai wa kaka. Gishirin Ikko yake ce wa takin, 'yan kwamiti kuwa suka laƙaba masa Sarkin Kashin Shanu, yana amsawa da dariya.

Matsayin ƙungiya, wanda har yau ba ta janye ba, shi ne cewa duk yankin da bai kwashe kasonsa ba, baɗi za a mayar da kason wata jiha, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Saboda haka a zaman ranar sha huɗu ga Mayu aka zartar cewa duk manomin da ya ƙi karɓar buhunansa za a soke sunansa daga rajista. Mutum ɗaya ne ya ƙi. Ina rubuta abin da ya faru kowace rana a wani littafi nawa, kuma na koma shafin ranar don in ga ko na ce wani abu. Ban ce ba. Ni na ja layi a kan sunansa, da rula, don kada layin ya karkace.

Ruwa ya sauka sau ɗaya a farkon Yuni, ya ɗauke kwana talatin da ɗaya. Waɗanda suka zuba taki, geronsu ya ƙone tun bai wuce tsawon tafin hannu ba. Sauran buhunan an ce sun bi ta Burkusuma a bayan raƙuma sun tsallaka iyaka, amma ƙungiya ba ta da masaniya a hukumance. Kwamiti ya nemi a lura cewa gonar marigayin ma, da ba a zuba mata komi ba, ba ta yi ba, sa'annan shanun Jibrilla da yake taƙama da kashinsu saura uku.

A watan Satumba masarar agaji ta iso, da umurnin cewa a raba ta bisa rajistar taki, tunda ita kaɗai ce jerin sunayen manoma da hukuma ke da shi. Gidan marigayin, mai baki goma sha ɗaya, ba ya ciki. 'Ya'yansa maza biyu sun tafi kudu neman abinci tun Agusta, babu labarinsu. Sau uku marigayin ya tafi ofishin hukuma a Isa a kan jaki. Can a ce masa maganar ƙungiya ce, nan mu ce masa ba a gyara rajista sai da izini daga sama. Duka amsoshin biyu daidai ne bisa ƙa'ida. Tafiya ta uku ita ce bai dawo ba.

Domin girmama hidimarsa, kwamiti a zamansa na jiya ya amince a ba iyalansa kyautar buhu biyu na takin zamani, ya kuma buɗe wa gidansa ƙofar komawa rajista kafin rabon masara na gaba. Sharaɗin shi ne na kowa da kowa: mai riƙe da gida ya zo sito a Sabon Birni da kansa, ya dangwala yatsa a gaban mai sito cewa ya karɓi taki. Mai riƙe da gidan yanzu ita ce matarsa, Malama Bilki, wadda ta shiga takaba ranar Asabar, kuma kowa ya san macen Gangara ba ta taka ƙofar gida sai ta cika wata huɗu da kwana goma. Na roƙi a bar ni in kai mata rajistar har gida. Shugaba ya ce rajista ba ta zuwa gaisuwar mutuwa, aka yi dariya, aka wuce magana ta gaba. Mai yiwuwa da na sake roƙo da an duba. Ban sani ba.

Ana rufe rajista ranar ƙarshe ta Fabrairu. Takabar Malama Bilki za ta cika ranar sha ɗaya ga Maris. Na lissafa sau uku ina fatan in ga kuskurena, kwana goma sha ɗaya ne tsakani, kuma kwamiti ya tabbatar ba a ƙara wa kowa ko yini guda.

A madadin Shugaba, Alhaji Ɗanmusa Lawwali, da 'yan kwamiti da ɗaukacin 'ya'yan ƙungiya, muna miƙa ta'aziyyarmu ga Malama Bilki, da mahaifiyar marigayin, da 'ya'yansa na gida da waɗanda ke kudu in wannan takarda ta riske su, da dukan mutanen Gangara. Allah Ya jiƙan Malam Attahiru Na'Allah, Ya gafarta masa, Ya yalwata kabarinsa, Ya sa Aljanna ce makomarsa. Allah Ya ba iyalansa haƙuri da juriya mai tsawo, Ya yafe mana abin da muka sani da abin da muka ƙi sani. Amin.

Za ni kai buhunan Gangara da kaina ranar sadakar bakwai, a ajiye su a zauren da aka kafa ƙungiya. Ana roƙon masu zaman makoki su ɗora su a wuri mai bisa su kuma sa ido, domin takin fari ne kamar gishiri, yaran gidan kuwa yanzu komi suka gani baki suke kai shi.

Sa hannu:
Malami Yari Sabon Birni
Magatakarda,
Ƙungiyar Manoman Gero ta Sabon Birni da Isa
7 ga Nuwamba, 1984